Harshen Da Ba Ya Shiga Ɗaki

Dattawanmu maza da mata da ke zaune a sahun gaba, waɗanda aka raba da iyayensu aka kai makarantun kwana ala tilas suna yara kuma suka dawo mana da ransu. Iyalan waɗanda aka kai ba su dawo ba. Shugaban al'ummarmu da 'yan majalisarsa. Shugabar wannan makaranta, Malama Lavallee, wadda ke jagorantar zaman nan. Malamanmu, da masu dafa mana abinci, da masu share mana azuzuwa. Iyaye, da baƙin da suka taso daga kudu tun da sassafe. 'Yan uwana ɗalibai, tun daga 'yan ajin farko da ke zaune a ƙasa cikin rigunansu ruwan lemo da suka yi musu yawa, har zuwa manyan da suka jingina da bango a can baya: ina gaishe ku baki ɗaya, ina yi muku barka da zuwa.

Sunana Marlee Custer, ina aji takwas. Ina jin yawancinku yau ne kuka fara jin muryata, har da waɗanda muka shekara bakwai muna aji ɗaya. In muryar ta yi ƙasa, wani ya ɗaga hannu, zan ƙara.

Ina godiya ga Malama Lavallee da ta ba ni wannan wuri. Ina godiya ga Malama Dorion, malamar ajinmu, wadda ta shekara biyu tana jiran in ɗaga hannu a aji ba ta gaji ba. Ina godiya ga dattawan da suka bar gidajensu suka shigo cikin makaranta, domin na san akwai waɗanda shiga ginin makaranta ba ƙaramin abu ba ne a wurinsu. Ina kuma godiya ga mai kula da zauren nan, da ya yarda ya bar ƙofar gefe a buɗe duk da wannan sanyi. Ni na roƙe shi. Wanda iska ke dukansa ya yi mini haƙuri, zai ji dalili.

Maganata uku ce. Ta farko laifi ne da na yi, ta biyu kyauta ce da aka ba ni, ta uku roƙo ne.

Magana ta farko. A takardar taron da ke hannunku an rubuta cewa zan karanta rubutun da na yi bara a kan kakana, Mosom Horace Custer, rubutun da aka liƙa a bangon ofis, aka kuma karanta shi a rediyon garinmu a rana irin ta yau, ranar tunawa da yaran makarantun kwana. Ba zan karanta shi ba. Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa da bakina ba, ko mahaifiyata, ko Malama Dorion da ta ba ni maki mafi yawa a ajin, kuma yau zan faɗe shi a gabanku: rubutun nan ƙarya ne. Ban zauna da Mosom ba, ban tambaye shi komai ba, bai gaya mini komai ba. A kan gadona na ƙirƙira shi, daga farkonsa har ƙarshensa.

Ga yadda abin ya faru. Bara da muka shiga aji bakwai aka fara koya mana harshenmu na Cree sau uku a mako. A gidanmu Turanci muke yi, domin da shi Mosom ya raini mahaifiyata. Ranar da na haddace gaisuwa da tambayar lafiya, ban tsaya ko ajiye jaka ba, na zarce gidan su Mosom. Ina ta maimaitawa a hanya don kada ta zube. Na samu Kokum Adelaide, kakata, tana soya banok, burodin da muke yi a gida, shi kuma yana zaune a teburin kicin da kofin shayinsa, yana gyaran raga. Na tsaya a gabansa, na ɗaga murya fiye da yadda na taɓa ɗagawa, na gaishe shi da harshenmu.

Ya ajiye kofin da ƙarfi har shayin ya zube a kan ragar, ya juya ya kalli ƙofa, ya ɗora yatsa a bakinsa. Sannan ya tashi ya fita, ko hula bai ɗauka ba.

Ku da kuka san Mosom kun san ba mutum mai shiru ba ne. Tun ina rarrafe yake kirana Ɓera, wai ba a jin shigowata sai an ga banok ya ragu. Kullum yana da abin tsokana. Amma ranar nan ya fita bai ce mini komai ba, ni kuwa na yanke wa kaina hukunci a wurin: na faɗi kalmar ba daidai ba, na ba shi kunya, jikarsa tana yin harshen iyayensa kamar baƙuwa. Kokum ta kira ni, ban tsaya ba. Daga ranar na daina zuwa gidan.

Bayan mako biyu sai Malama Dorion ta ba mu aiki: kowa ya nemi dattijon da ya yi makarantar kwana, ya kai masa taba yadda al'ada ta tanada, ya zauna ya saurara, ya rubuta abin da ya ji, a kawo ranar Juma'a. Kowa a aji ya san ina da kaka a ƙarshen layinmu. Ba ni da bakin cewa ina tsoronsa, ba ni da bakin cewa ba ni da kowa. Sai na tattara abin da muka gani a hotuna da abin da aka karanta mana, na haɗa, na sa sunansa a kai. Na rubuta cewa wata babbar mota ce ta shigo garin nan ta kwashe su, cewa mahaifiyarsa ta bi motar da gudu har ta faɗi a kan titi, cewa shi kuma yana leƙowa ta baya yana kuka. Malama ta karanta, idonta ya yi ja. Ba laifinta ba ne, shekararta biyu kawai a nan. Aka kai rediyo.

Kwana uku bayan haka na shiga kanti, na haɗu da Dattijuwa Philomene, wadda ga ta nan zaune a gaba, kuma na ga ta fara dariya tun yanzu. Ta dube ni ta saman gilashinta ta ce, "Ke ce jikar Horace mai mota?"

Na ce, "Ni ce."

Ta ce, "To madalla. In kin ga direban ki gaishe shi. Ki ce masa mun daɗe muna jiransa."

Na yi murmushi don ban gane ba, har na ce mata zan faɗa. Wani dattijo a bayanta ya riƙe ciki don dariya. Duk lokacin sanyin nan, in na wuce dattawa sai wani ya yi ƙaramin ƙahon mota da bakinsa, ni kuwa ina tsammanin yabo ne.

Sai da ƙanƙara ta fara narkewa a bakin tafki Kokum ta zo gidanmu da kanta. Ta tsaya a ƙofar ɗakina da takalmanta ta ce, "Ke Ɓera, tashi. Kakanki ya aiko ni in duba ko kin ƙaura kudu a motar nan taki."

Na ce, "Wace mota, Kokum?"

Ta ce, "Ni ma ita nake tambaya. Hanyar mota ta iso garin nan ne shekarar da na yaye uwarki. Shi kuwa a jirgin sama mai sauka a kan ruwa aka ɗauke shi. Wane titi surukata ta faɗi a kai? Ko a kan tafki aka shimfiɗa mata?"

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Wata bakwai ina ɓoye abin da duk wani mai furfura a garin nan ya sani tun ranar farko. Sun ji a rediyo, sun gane, kuma babu ɗayansu da ya je ofishin makaranta, babu wanda ya tare mahaifiyata, babu wanda ya kira ni maƙaryaciya. Mutanen da aka doka suna yara saboda kuskuren da bai kai nawa ba, su ne suka ga kuskurena suka mayar da shi wasa, suka jira ni. Ina so ku san wannan game da mutanen da ke zaune a sahun gaba.

Saboda haka ina ba ku haƙuri, dattawa. Ina ba ki haƙuri, Malama Dorion. Ina roƙon a cire takardar daga bangon ofis. Kai kuma Mosom, na ɗauki sunanka na ɗora masa labarin da ba naka ba, bayan an riga an taɓa yi maka irin haka a makarantar kwana. Ka yafe mini.

Magana ta biyu. Ranar da Kokum ta zo, ta ciro ƙullin taba daga aljihun rigarta, an naɗe shi cikin jan ƙyalle, ta danƙa mini. Ta ce, "Kin san yadda ake yi. Ki miƙa, ki faɗi abin da kike nema. In ya karɓa, ya ɗauki nauyin amsawa. In bai karɓa ba, ki mayar da hannunki, babu fushi, babu kuka."

Na ce, "In ya sake fita fa?"

Ta ce, "Sai ya dawo. Ina zai je? Abincinsa yana hannuna."

Na same shi a teburin nan, a kujerar nan. Na miƙa ƙullin. Na ce ina so ya gaya mini abin da ya ga dama game da makarantar. Ya daɗe yana kallon ƙyallen. Bai karɓa ba. Na fara janye hannu, sai ya ce, "Ba a nan ba. Asabar da safe, a bakin ruwa. Ki sa riga mai kauri, ba wannan ta 'yan birni ba."

Ranar Asabar muka shiga kwalekwale, ni da shi. Na buɗe baki zan ba shi haƙuri a kan rubutun, ya ce, "Riƙe igiyar nan, Ɓera, ba a kama kifi da surutu." Ya tayar da inji, muka wuce tsibirin farko, muka wuce na biyu, har gidajen garin suka koma kamar duwatsu a bakin ruwa. Nan ya kashe injin. Ya miƙo hannu, na sa masa tabar. Ya ɗebi kaɗan ya zuba wa ruwa, ya sa sauran a aljihun ƙirji.

Sannan ya fara magana da harshenmu.

Shekarata goma sha uku a duniya, ban taɓa jin Mosom ya yi jimla ɗaya da shi ba. Na ɗauka ya manta. Sai ga shi yana zuba kamar an buɗe famfo, da wata murya da ban san yana da ita ba, mai laushi, mai sauri, yana nuna tsibiri, yana nuna tsuntsaye, yana nuna ni. Cikin duk abin da ya faɗa kalma uku na gane: ruwa, kifi, da jikata. Ya yi ta yi har rana ta ɗaga. Da ya gama sai ya koma Turanci ya ce, "Kin gane?"

Na ce, "Kalma uku."

Ya ce, "Kin fi uwarki da biyu."

Daga nan ya gaya mini abin da zan gaya muku yanzu, kuma da izininsa nake faɗa. Jiya na tambaye shi, ya ce, "Faɗi na rufin. Sauran nawa ne." To na rufin kawai za ku ji.

Ya ce shekararsa bakwai aka kai shi, ya fito yana da goma sha biyar. A can, yaron da aka ji yana harshenmu a cikin gini ana hukunta shi, wanda ya ji bai kai ƙara ba shi ma ana hukunta shi. A ɗakin kwana bango yana mayar da murya, a ɗakin cin abinci akwai mai tsayawa a bakin ƙofa, a aji ba a ma maganar. Amma in an tura su gonar dankali, ko bayan garken shanu, ko saran itace, iska tana kwashe magana kafin ta kai kunnen kowa. Sai yaran suka yi wa kansu doka, manya suna koya wa sababbin zuwa tun makon farko: in akwai rufi a kanka, Turanci, in sama ce a kanka, naka. Ya ce da wannan dokar suka tsira da harshen. Ya ce da ita kuma ya dawo gida, kuma yau kusan shekara sittin bai iya sauke ta ba. In ya tsallaka bakin ƙofa, harshen sai ya tsaya a waje kamar kare, ya jira shi.

Na ce, "To Kokum fa? Ai ita a kicin take yi, da ƙarfi ma."

Ya ce, "Kakarki ba ta je ba. Ubanta ya ɓoye ta a daji wurin tarkonsa duk lokacin da aka ji ƙarar jirgi. Ita ba ta san rufi ba. Kuma babbar mace ce, wa zai taɓa ta? Ni kaina ban isa ba."

Daga baya da na tambaye ta, cewa ta yi, "Shekara hamsin da ɗaya ina yi masa faɗa da Cree yana ba ni haƙuri da Turanci. In ina so in ji ya rama, sai in ja shi waje wurin shanya."

Amma muryar yaro dabam ce. Abin da ya ce mini ke nan, kuma shi ne abin da na fi so ku riƙe. Ya ce, "Ranar nan da kika shigo kika gaishe ni, ba kunya kika ba ni ba. Muryar yarinya na ji tana harshenmu a cikin ɗaki, da ƙarfi. Kafin in tuna ni tsoho ne a gidana, na riga na kalli ƙofa in ga wa zai shigo ya kama ki. Na fita ne don kada ki ga fuskata."

Ruwa yana dukan gefen kwalekwalen. Ni da na shafe lokacin sanyi guda ina cewa ya raina ni, ashe tsare ni yake yi daga mutanen da suka mutu tun kafin a haife ni.

Can na ce, "Mosom, to gaisuwar tawa daidai ce?"

Ya ce, "Daidai? Kamar agwagwa mai mura."

Na sunkuyar da kai.

Ya ce, "Amma tun da na gina gidan nan ba a taɓa faɗin abin da ya kai ta daɗi a cikinsa ba. Sake faɗa in ji. Nan babu ƙofa."

Na faɗa, ya gyara. Na sake, ya sake gyarawa. Sau goma sha ɗaya, har ya ce agwagwar ta fara samun sauƙi. Sannan muka ja raga, muka samu kifi tara, ya ce da na rage surutu da sun kai ashirin.

Tun daga ranar, kowace Asabar ina cikin kwalekwalen nan. Na san sunan kowane tsibiri yanzu, na san sunan iska huɗu, na san kalmar da ake faɗa in raga ta sarƙe, wadda Kokum ta ce kada in kuskura in maimaita ta a makaranta. Ya gaya mini wasu abubuwan kuma. Ya gaya mini suna ɗaya, na wani da suka tafi tare. Ban rubuta ba, ba zan rubuta ba, kuma in kun tare ni a waje kuka tambaya, zan koma Marlee ɗin da kuka sani.

Magana ta uku, roƙo. Ni yarinya ce, ban isa in koya wa malamai aikinsu ba, kuma na san abin da makarantar nan take yi abu ne mai kyau. A zamanin Mosom makaranta ce ta raba yaro da kakansa. A zamaninmu makaranta ce take cewa je ka zauna da kakanka. Da ba a ba mu aikin nan ba, da ban yi ƙaryar ba, amma da ban shiga kwalekwalen ba. Saboda haka roƙona ƙarami ne, kashi biyu.

Na ɗaya, in an aike mu wurin dattawa, kada a ce a kawo ranar Juma'a. Al'adarmu ta ba dattijo damar ƙin karɓar taba, to aikin makaranta ma ya ba shi wannan damar. Yaron da ya dawo ya ce, na je, na miƙa, ba a karɓa ba, mun sha shayi, a ɗauka ya yi aikinsa cikakke. Wani dattijon mako guda yake bukata, wani shekara, wani kuma ba zai taɓa faɗa ba, kuma shirunsa ba rami ba ne da aka ce mu cike. Ni na cike na kakana da mota. Ina roƙon 'yan uwana ɗalibai kada wani ya yi irin nawa. In aka ba ku labari ku riƙe shi yadda aka ba ku, kada ku ƙara masa hawaye don ya yi kyau a takarda. In aka hana ku, ku zauna duk da haka, ku zuba shayi, ku kawo itace, ku riƙe igiya.

Na biyu, ina roƙon a riƙa fitar da darasin harshenmu waje, ko sau ɗaya a mako. Bayan filin wasa akwai itatuwa, akwai wurin hura wuta, kuma mu 'yan nan ne, sanyi ba baƙonmu ba ne. Na tabbata Mosom ba shi kaɗai ba ne. Akwai dattawa a garin nan da harshen yake cike da bakinsu, waɗanda ba za su iya tsayawa gaban allo su buɗe shi ba, amma in kun ba su kututture su zauna a kai, sama a kansu, za ku roƙe su su yi shiru. Na tambayi Mosom ko zai zo. Ya ce, "In akwai shayi, kuma in ba za a kawo ni a mota ba."

Ga dattawanmu kuma, ba ni da abin roƙo sai godiya. Mun sa waɗannan riguna yau domin ku, mun rubuta sunayenku a allo, mun yi muku waƙa. Ɗazu da 'yan aji uku suke waƙarsu da harshenmu a cikin zauren nan, da iyakar ƙarfinsu, ban iya juyawa na kalli wajen ƙofar gefe ba, inda Mosom yake, wadda don shi na roƙa a bari a buɗe. Amma na san Mosom bai fita ba, domin da ya fita da duk mun ji Kokum. Yau ne ya fara taka cikin wata makaranta tun yana ɗan shekara goma sha biyar. Ba don rubutuna ya zo ba, ya fi kowa sanin abin da ke ciki. Ya zo ne don na ce masa ina jin tsoro.

Ina roƙon Mahalicci ya ba dattawanmu lafiya da tsawon kwana, ya sanyaya musu abin da suke ɗauke da shi wanda ba su faɗa ba. Ya ji ƙan yaran da ba su dawo ba, ya sa a san inda kowannensu yake, a kira shi da sunan da uwarsa ta sa masa. Ya ba malamanmu haƙuri da mu, ya ba iyayenmu da aka raina ba tare da harshen ba damar samunsa tare da mu. Ya sa 'yan ajin farkon nan su girma ba su san akwai bambanci tsakanin ɗaki da waje ba. Baƙinmu da za su koma kudu, ya kai su gida lafiya. Hanya kam yanzu akwai ta.

Saura abu ɗaya. A takardar taron an rubuta cewa zan rufe da godiya da harshenmu. Na iya kalmar, an gyara mini ita a tsakiyar tafki har ta zauna. Wataƙila kun lura cewa tun da na fara ban faɗi komai da shi ba, in ban da Mosom da Kokum, wato kaka namiji da kaka mace, waɗanda sun riga sun zama suna. Duk wanda ya tsaya a nan ya ɗaga murya da harshenmu ya yi daidai, kuma ina so a yi ta yi har bangon nan ya saba. Amma ni jikarsa ce, muryata ba kamar ta sauran ba ce a kunnensa. Na yanke wa kaina shawara, ban gaya masa ba, yanzu yake ji tare da ku: ba zan sake yi masa harshenmu a ƙarƙashin rufi ba sai ranar da shi ya fara. Ba zan tambaye shi ba, ba zan tuna masa ba, ba zan ƙirga kwanaki ba. In ranar ta zo, ina nan kusa, kuma na san amsar. In ba ta zo ba, tafkin yana da faɗi, kuma in ya daskare za mu taka shi da ƙafa.

Mosom, taka godiyar tana jiranka a bakin ƙofa, da zarar an tashi. Ku kuma jama'a, ku karɓi taku a nan.

Na gode.